A Rubuta, Jama'a, A Rubuta

Sharhinmu na yau daga cikin badalar Kano ya fito, daga unguwar Koki, kuma a kan cinikin waya yake.

Shiga lungunan Koki ka ga abin mamaki. Gida babu allon talla, babu shago a ƙofa, amma cikinsa kasuwa ke ci. Wannan tana haɗa turaren wuta da humra, waccan tana ɗinka hijabi da zanin gado, ta gaba da ita dambun nama take yi da alkaki. A da 'yar talla ce ƙafar uwar gida, inda yarinya ta gaji nan ciniki ya tsaya. Yau hoto ɗaya za a ɗora a WhatsApp, kafin la'asar mai saye ta yi magana daga Abuja, wata daga Legas, wata daga Maraɗi, washegari kaya suna tasha. Kullen korona na 2020 ya koya mana saye daga ɗaka, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa har mai ƙosai karɓar taransfa. Alhamdu lillahi, wannan ci gaba ne, babu mai musu.

To amma akwai cuta guda da ke cin wannan kasuwa ta ƙarƙashi, ita ce rashin rubutu. Ba ma rubutawa. Muna da waya ta dubban nairori a hannu, amma ba ma rubutawa. Komai da baki, komai saƙon murya.

Ku saurari yadda ake yi. Hajiya za ta danna ta riƙe. Sallama, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai gidan, ya jikin Inna, ashe an yi rasuwa, Allah ya jiƙan musulmi. Injin markaɗe yana ruri a bayanta, yaro yana kuka, mai ruwa yana buga ƙofa. Sai can tsakiyar saƙon, tsakanin jikin Inna da kukan yaro, ta ce a ɗinka mata shida, biyu masu ruwan ƙasa, a aiko ran Laraba. Mai ɗinki kuma tana kan keke, kunne ɗaya a waya, ta ji uku, ta ji ran Lahadi. Bayan mako guda an tashi faɗa. Na ce shida! A'a, uku kika ce! A koma a nemo saƙon. Ina za a same shi, a cikin saƙonni ɗari da duk kamanninsu ɗaya? Rubutu kana iya buga kalma guda waya ta zaƙulo maka shi. Murya kuwa sai ka zauna ka saurare su ɗaya bayan ɗaya, in ma wadda ta turo ba ta riga ta goge nata ba. Ciniki ya lalace, zumunci ya lalace, kuma babu ɓarawo a cikinsu. Rashin rubutu ne kawai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan yana faruwa a Koki. A Koki fa! Nan ne Alhaji Alhassan Ɗantata ya kafa gidansa, mutumin da ya yi fataucin goro zuwa ƙasar Gwanja, ya zama babban mai sayen gyaɗa bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wanda tarihi ya nuna ya kai lodin raƙumi 20 na kuɗin azurfa banki a 1929. Ya rasu a 1955, kusan shekara hamsin kafin wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001. Wakilansa suna garuruwa masu nisa, wani sai a yi watanni ba a ga fuskarsa ba, amma lissafi yana dawowa. Wa zai ce mini an juya irin wannan dukiya da "ai na faɗa maka"? Mutanen da ba su da waya sun yi kasuwanci daga nesa, mu masu waya biyu a aljihu mun kasa tuna wa muke bi bashi.

Kuma tun kafin boko, addini ya riga ya yi mana wannan gargaɗi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Yaranmu suna haddace ta a Islamiyya, mu iyayensu muna ba da kaya bashi da saƙon murya.

Na san abin da wata za ta ce: Malam, ni ban yi boko ba. Hajiya, kin iya ƙirga kuɗi ko? Kin san dubu biyar daga dubu hamsin? To lamba ce kawai za ki danna. Suna, adadi, farashi, rana. In da ajami kika iya, ki yi da ajami a littafin makaranta. In kuma babu ko ɗaya, 'yarki da ke aji huɗu za ta rubuta miki bayan magariba. Ki gaisa da murya yadda ranki ke so, gaisuwa al'adarmu ce, ban hana ba. Amma idan aka gama, ki bi da layi ɗaya a rubuce, ki ce wa mai saye ta amsa da "na yarda". Sa'an nan ki kwafe shi cikin littafi, domin waya tana faɗawa kwata, littafi kuma ba ya neman caji.

Tunda na ambaci faɗuwar waya, bari in ɗan ratse, don wannan ma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Layin aro! Mace tana juya dubban ɗaruruwa a wata, amma layin da duniya ta san ta da shi, da sunan ƙanin mijinta aka yi masa rajista. Tun ƙarshen 2020 aka ce kowane layi a haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa. To ranar da wayar ta ɓace a cunkoson kasuwar Kurmi ko Kwari, wa kamfani zai ba sabon layi? Mai sunan. In yana Fatakwal, ki jira. In kun yi faɗa, ki haƙura. In kuma aka bar layin ya daɗe a mace, wata rana za ki ji wani baƙo yana amsa kiran masu sayenki. Haka nan lambar sirri. Yaron gida da ya iya waya shi ya buɗe asusun, shi ya zaɓi lambar, shi kaɗai ya san ta. Ga masu kiran nan da murya mai daɗi, wai an saka ki a tallafi, ki karanto lambobi shida da suka shigo yanzu. Kina karantawa sun kwashe WhatsApp ɗinki, kafin ki farga sun ranci kuɗi da sunanki daga dangi har aminai. Babu banki, babu kamfanin da zai kira ki ya tambayi lambar sirri. Babu shi. Ku shiga saitin WhatsApp ku sa kwaɗo na biyu, ba ya cin ko kwabo. Alat kuma ba kuɗi ba ne, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Kar kaya su fita daga soro sai kin duba asusunki da idonki kin ga ya ƙaru.

Mu dawo kan maganarmu. Ranar 4 ga Oktoba 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke wuta a duniya baki ɗaya na wajen awa shida. A watan Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Afirka ta Yamma ta shiga wahala, har bankuna suka ji a jikinsu. A 2021 an kashe sabis ɗungurungum a Zamfara saboda tsaro. Duk wannan a idonmu aka yi. A irin wannan rana, wa ke ci gaba da ciniki? Mai littafi. Ita ta san lambar wa za ta kira kai tsaye, ta san wa ya biya, wa ya ba da rabi, kayan wa ke kan hanya. Wadda ta zuba komai cikin saƙon murya sai ta rungume hannu tana kallon waya.

Kuma tun da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kowa yana kukan tsada. Gaskiya ne akwai tsada. Amma layi ɗaya a rubuce bai kai ko kusa da abin da doguwar murya ke sha ba. Kina kuka da tsadar data, kina aika tarihin unguwa a kan cinikin kwalba biyu ta humra.

Ina roƙon matan Koki, da telolin Koki, da samarin da ke dillancin kaya daga soro: layi da sunanku, lambar sirri a kanku, ciniki a rubuce. Ina roƙon mazaje su bar matansu su yi rajistar layi da asusu da sunan kansu, hakan kare dukiyar gida ne. Ina roƙon malaman Islamiyya, idan an zo kan ayar bashi, a tsaya a nuna wa ɗalibai yadda ake jan layi a littafi: suna, adadi, farashi, rana.

A rubuta, jama'a. Mai saye ya rubuta, mai sayarwa ta rubuta, ɗan aike ma a rubuta abin da aka ba shi. Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya tsare mu da asara.