"Ana Gyara" Ba Uzuri Ba Ne

Duk kamfanin manhaja a Nassarawa GRA da ke rufe shafin biyan kuɗin makaranta da tsakar rana don ya sauya layi biyu, ya cancanci zargi. Gunicorn ya daɗe da magance wannan: a aika masa siginar HUP, sai ya tayar da sabuwar manhajar, tsohuwar ta sallami waɗanda ke hannunta sannan ta sauka, sabar tana ci gaba da aiki. Tun shekarun 1980 injiniyoyin Ericsson suka ƙirƙiro Erlang domin na'urorin tarho da ba a kashewa. Uban da wa'adin rajista ya wuce shi yana kallon farin allo, sakacin kamfani ne ya cuce shi, kuma kamfanin ya kamata a tuhuma.