Filin Mata: Masu Bin Salsalar Farfaɗiya

Wannan mako ina so mu yi magana a kan wani aiki wanda ba a cika jin labarinsa ba, watau aikin masu binciken gado cikin ciwon farfaɗiya da jijjigar yara. Dalili kuwa, duk gidan da yaro ya faɗi yana karkarwa, kafin a nemi magani an riga an nemi mai laifi, kuma kun san a kan wa abin yake sauka. Sai ki ji an ce ai daga dangin uwarsa ne. Mata nawa aka saki a kan wannan? 'Yammata nawa aka fasa aurensu don an ji ƙanensu yana faɗuwa? To, akwai waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu wajen neman gaskiyar wannan magana ta gado, kuma cikin manyansu akwai mata 'yan'uwanmu.

Bari in fara da abin da suke nema. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Cikinsu akwai wani irin rubutu mai harufa wajen miliyan dubu 3, wanda ya kasu kashi wajen 20,000. Kowane kashi shi ake kira ƙwayar gado. Yaro yakan karɓi rabi daga uwa, rabi daga uba, daidai wa daida. Ku riƙe wannan. Ita kuwa ƙwaƙwalwa da wani ɗan ƙaramin lantarki take aiki. In ya tashi gaba ɗaya ba tsari, shi ne mutum yake faɗuwa. Wani lokaci harafi ɗaya tak da ya kuskure cikin rubutun nan shi ne sanadi. Aikin mai bincike shi ne ya nemo harafin nan ɗaya cikin miliyan dubu 3. Lalle tsintar allura cikin rairayi ta fi wannan sauƙi.

Kada ku zaci cikin ɗakin gwaji ake farawa. A'a, a tsakar gida ne. Akwai wata likitar yara a birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya, sunanta Ingrid Scheffer, wadda ta yi aiki tare da Likita Samuel Berkovic. Hanyarsu ita ce, in sun sami zuriyar da ciwon ya yi yawa cikinta, sai a bi dangi ɗaya ɗaya ana tambaya. Wa ya taɓa faɗuwa? Yana da shekara nawa? Da zazzaɓi ko ba zazzaɓi? Da rana ko cikin barci? Sa'an nan a zana salsalar gidan a takarda, a ɗebi jinin masu ciwon da na marasa shi. Abin da ya ba ni sha'awa, a irin wannan aiki ba wanda ya kai tsofaffin mata amfani, don su ne suke tuna abin da ya sami kowa yana goye. Namiji sai ya ce miki lafiya lau ya tashi, alhali gwaggonsa tana sane da daren da aka kwana a kansa.

A 1994 Scheffer da abokan aikinta suka ba da bayanin wata irin farfaɗiya mai zuwa cikin barci, wadda take bin dangi. Mutum yakan zabura da dare yana fizge-fizge, wani har da ihu. Shekara da shekaru likitocin can suna ɗauka mugun mafarki ne ko taɓin hankali. Da a nan ne, ba sai na gaya muku abin da za a ce ba. Wata mai bincike a Jamus, Ortrud Steinlein, ita ta duba jinin wata babbar zuriya ta Ostareliya, a 1995 aka sami harafin. Yana jikin dukan mutum 21 masu ciwon da aka gwada, amma cikin mutum 333 lafiyayyu na waje ba ko ɗaya mai shi. Wannan ita ce ƙwayar gadon farfaɗiya ta farko da aka gano.

To, wannan gado ne sosai, yana iya fitowa ta uwa, yana iya fitowa ta uba. Amma ga labari na biyu, wanda shi ne na fi so ku ji.

A birnin Marseille na ƙasar Faransa an yi wata likita, Charlotte Dravet, wadda ta yi shekara 35 tana aiki a wani gidan jinyar yara masu farfaɗiya, daga 1965 zuwa 2000. Yawan zama da yaran da sauraron iyayensu mata ya sa ta lura da waɗansu da ciwonsu ya yi kama da juna. Ana haifar jariri lafiyayye. Wajen wata shida, da ɗan zazzaɓi, sai jijjiga mai tsawo, ta tafi ta komo. Ko wanka da ruwa mai zafi yana tayar da ita. Daga shekara ta biyu sai magana da wayo su fara ja da baya. A 1978 ta rubuta bayaninsa, yau kuwa da sunanta ake kiran ciwon. Amma ba ta san sanadinsa ba, aka yi shekara 23 ana jira.

A 2001, a birnin Antwerp na Beljiyam, wata mai bincike Lieve Claes da abokan aikinta suka gwada yara 7 masu wannan ciwo. Dukansu aka same su da kuskure a ƙwayar gado guda, wadda aka laƙaba wa SCN1A. Ita ce take ƙera wata 'yar ƙofa da gishirin jiki yake bi don lantarkin ƙwaƙwalwa ya gudana. Da aka gwada iyayen, uwa ba ta da shi, uba ba shi da shi. Ashe a jikin yaron kuskuren ya fara, tun farkon shigar cikinsa, kamar yadda ɗaliba takan kwafi darasi daga allo ta tsallake harafi, alhali na allon daidai yake. Bayan haka an tabbatar wajen 8 cikin 10 na masu ciwon Dravet suna da wannan kuskure, kuma mafi yawansu ba su gaje shi wurin kowa ba. Kun ga ke nan ciwo yana iya zama cikin ƙwayar gado ba tare da yana cikin dangi ba. Ba abin da uwa ta ci ba ne, ba fitar da ta yi da almuru ba ce.

Wata za ta ce, to an sani, sai me? Da amfani mana. Akwai magungunan farfaɗiya sanannu, irin su carbamazepine da phenytoin, masu taimakon mutane da yawa, amma mai ciwon Dravet ƙara masa ciwo suke yi, don ƙofar nan da ta riga ta raunana ita suke daɗa toshewa. Sanin sunan ciwon shi yake hana a ba yaro abin da zai cuce shi.

Har wa yau binciken ya warware wani tsohon zargi. A ƙasashen Turawa an daɗe ana cewa allurar rigakafin tarin shiƙa ita take lalata ƙwaƙwalwar waɗansu jarirai, don jijjigarsu ta farko takan zo bayan allura. A 2006 Berkovic da Scheffer suka gwada mutum 14 da aka ce allura ce ta lalata su, sai ga 11 suna da kuskuren SCN1A. Watau da ciwon aka haife su, allurar ta dai zo daidai watannin da yake bayyana. Mu da muka ga yadda aka tsayar da ɗigon shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, ko da yake dalilin tsoron dabam ne, mun san abin da zargin rigakafi yake jawowa.

Sai dai kada in bar ku da zaton kowace farfaɗiya ta gado ce. A ƙasarmu da yawa daga zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai take samuwa, ko sanƙarau, ko doguwar naƙuda, ko buguwa a ka. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 kuma yana iya jijjiga don zafin zazzaɓi kawai, yawancinsu su girma ba abin da ya same su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum miliyan 50 ne suke da farfaɗiya, kuma har 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta cin abinci ƙwarya ɗaya. Mu malaman makaranta ya kamata mu fara jin wannan, don na san ajin da ake ware wa yarinya benci ita kaɗai.

Abin da yake damuna shi ne, mafi yawan jinin da aka gwada cikin wannan bincike na Turawa ne. Mu kuwa da muke da manyan gidaje, da auren zumunci, da tsofaffin da suka san kaka da kakanni a ka, salsalarmu ba a zana ta ba tukuna. Wa zai shiga cikin gida ya zauna da gwaggo da inna su saki jiki su faɗa masa gaskiya? Sai mace mai jin Hausa, wadda ta yi karatun likita ko na kimiyya. Iyayen 'yammatan da suke da kai wajen lissafi, da ku nake.

Kafin nan, ke uwa, ke ce mai binciken farko. In ya faɗi, ki kwantar da shi a gefe, ki kawar da wuta da ruwa daga kusa da shi. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa kome, kada a kara ƙafarsa a wuta. In ta wuce minti 5, a yi asibiti maza. In ya farfaɗo, ki rubuta ko ki sa a rubuta miki ranar, da tsawon lokacin, da ko akwai zazzaɓi, da gefen jikin da ya fara motsi. Ki tambayi tsofaffi na ɓangaren uba da na uwa duka ko an taɓa yin mai irinsa, ki tafi wa likita da takardar.