Hodar Iblis da Masu Cewa Gumel Ta Yi Mata Nisa

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin 'yan boko da manyan ma'aikatan ƙasar Gumel, da ma sauran Arewa: wai hodar iblis matsalar Legas ce, ta attajirai da mawaƙa da 'ya'yan da aka kai karatu Turai, a nan kuwa abin damuwa shi ne tiramadol da wiwi da sholisho. Masu wannan magana suna da hujja. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka sha wani abin maye banda giya da taba a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramadol, masu hodar iblis kuwa ba su wuce 92,000 ba. Alƙaluman ba su yi ƙarya ba. Kuskuren yana cikin hukuncin da ake ginawa a kansu, cewa babu abin tsoro, kuma kuskure ne mai tsada ga masarautar da ke zaune a bakin iyaka.

A fara da taswira. Ganyen koka da ake tace hodar daga cikinsa a Kolombiya da Peru da Bolibiya ake noma shi, ɗaya daga cikin manyan kasuwanninta kuma Turai ce. Afirka ta Yamma ta daɗe da zama zango a tsakani, kuma hanyar tana ƙara kutsowa cikin tudu. A Nuwamban 2009 aka tsinci wani jirgin sama ƙirar Boeing 727 a ƙone a saharar arewacin Mali, wanda ake kyautata zaton hodar ya sauke. A Janairun 2022 jami'an tsaron Nijar suka kama kilo 214 a motar magajin garin Fachi, a jihar Agadas, an nufi Libiya da ita. A Satumban shekarar NDLEA ta bankaɗo tan 1.8 a wani gidan ajiya a Ikorodu. Rahoton UNODC na Afrilun 2024 ya nuna cewa abin da ake kamawa a ƙasashen Sahel ya tashi daga kimanin kilo 13 a shekara tsakanin 2015 da 2020 zuwa kilo 1,466 a 2022.

Tsakanin tashar ruwan Legas da saharar Agadas, Arewacin Najeriya ne a shimfiɗe. Hanyar Maigatari tana shiga jihar Damagaram, daga Damagaram kuma ta miƙe ta Tanut zuwa Agadas. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari tana tara shanu da raƙuma da manyan motoci daga ƙasashe biyu, ga hada-hadar riɗi da zoɓo. Ɓarayin hanyoyin da suka ratsa iyakar Maigatari da Sule Tankarkar ba su taɓa hutawa ba, ko lokacin rufe iyaka na 2019 ko na 2023. Hanyar da ta saba wucewa da buhun shinkafa da jarkar fetur ba za ta ji nauyin ƙunshin da bai kai girman bulo ba, alhali kuɗinsa ya ninka na mota cike da kaya.

Sai masu musu su ce ko ta bi ta nan, wucewa za ta yi. Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace rauni. Masu safara sukan biya 'yan dako da masu rakiya da kayan kansa maimakon kuɗi, wanda aka biya da hoda kuwa dole ya nemo mai saye a inda yake. Haka zango yake komawa kasuwa. Tsadarta ma ba katanga ba ce, domin ana dafa ta a mayar da ita ƙanƙarar da ake kira kirak, a sayar da ita gutsure-gutsure a farashin da ƙaramin ma'aikaci zai iya. Jigawa ta ga irin wannan sakaci. An shafe shekaru ana kallon kodin a matsayin maganin tari kawai, har a 2017 Majalisar Dattawa ta ji cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, kuma ba a haramta shi ba sai a Mayun 2018, bayan BBC ta fallasa lamarin.

Abin da hodar take yi wa jiki shi ya sa ba za a jira ta kai matsayin kodin ba. Ƙwaƙwalwa tana da sinadarin da ake kira dofamin, wanda take saki idan mutum ya ji daɗi, sannan ta janye shi. Hodar iblis tana toshe ƙofar janyewar, sai sinadarin ya taru, mutum ya ji kamar duniya tana tafin hannunsa: barci ya gudu, yunwa ta tafi, baki ya buɗe. Idan shaƙa aka yi, wannan yanayi ba ya wuce minti 15 zuwa 30. Idan zuƙar hayaƙinta aka yi, minti 5 zuwa 10 ne. Abin da ke biyo baya ƙunci ne da kasala da ƙishirwar ƙari. Gajartar jin daɗin ita ce tarkon, domin mai sha yakan maimaita sau da yawa a dare ɗaya, har ƙwaƙwalwa ta daina jin daɗin abinci da iyali da aiki.

A daidai wannan lokaci hodar tana matse jijiyoyin jini, tana hanzarta zuciya, tana ɗaga hawan jini. Zuciya tana buƙatar ƙarin jini a sa'ar da hanyoyin kai mata shi suka tsuke. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1999 ya gano cewa haɗarin bugun zuciya yana ninkawa kusan sau 24 a sa'ar farko bayan an sha. Ƙuruciya da ƙarfin jiki ba sa karewa: Len Bias, gwanin ƙwallon kwando ɗan shekara 22, ya mutu a Yunin 1986, kwana biyu bayan ƙungiyar Boston Celtics ta ɗauke shi. Ga shanyewar ɓarin jiki, ga jijjiga, ga hudewar guringuntsin da ya raba kafofin hanci. Mai ciki na iya rasa ɗanta idan mabiyiya ta ɓalle kafin haihuwa. Mai yawan sha yakan fara zargin kowa, ya ji kamar ƙwari suna yawo a ƙarƙashin fatarsa. Kuma abin da ake sayarwa ba ya zuwa tsantsa. Cikin abubuwan da aka fi gauraya shi da su akwai lebamisol, maganin tsutsar ciki da duk makiyayin da ke cin kasuwar Maigatari ya san irinsa. A jikin mutum yana iya karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, ya ruɓar da fata.

Wanda tiramadol ko kodin ya danne wa numfashi yana da allurar naloksun da za ta iya farfaɗo da shi. Hodar iblis ba ta da irin wannan makari, kuma har yau babu wani magani da aka amince da shi na cire jarabarta. Abin da ake da shi zaman shawara ne da kulawa ta watanni. Saurayin da zuciyarsa ta buga a wani ƙauyen Gagarawa, kafin a kai shi babban asibitin Gumel, balle Kano, sau da yawa an makara. Wanda hankalinsa ya taɓu kuwa, sai Kazaure ko Dawanau.

Tana kashe wanda bai taɓa shan ta ba ma. A Mayun 2025 NDLEA ta sanar da kama wasu maniyyata biyu a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, sun haɗiye ƙullin hodar za su Jidda. Ƙulli ɗaya ya fashe a hanji, ajali ne. A tsira daga wannan, dokar Saudiyya kisa ta tanada. Talakan da aka yi wa tayin kujerar Makka kyauta shi ke ɗaukar wannan kasada, mai kayan yana gida.

Nan ne laifin masu ilimi yake fitowa fili. Sun iya tsayawa a taro su yi tir da ɗan acaɓa mai tiramadol, amma hodar iblis ajinsu take nema, domin su ne masu kuɗin sayenta. Idan ɗan babban gida ya fara sambatu sai a ce iska ce, idan ya yanke jiki ya faɗi sai a ce hawan jini. Matashin da ya yi kuɗin dare ɗaya ana ba shi sahun gaba a ɗaurin aure, ba mai tambayar sana'arsa, alhali kowa ya san ruwa ba ya tsami banza.

Tsananin hukunci shi kaɗai bai wadatar ba. A Afrilun 1985 gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Legas kan safarar ƙwaya, a 1989 aka kafa NDLEA, duk da haka a 2022 aka sami tan 1.8 a gida ɗaya. Abin da zai tsare ƙasar Gumel yana hannun mutanenta. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su san baƙon da ya kama gida da abin da ya kawo shi. Shugabannin tasha da dillalan kara su hana ɗaukar saƙon da ba a buɗe ba. Limamai su ambaci hodar da sunanta a huɗuba, su gargaɗi masu karɓar kujera daga hannun da ba su sani ba. Likita ya tambayi matashin da ya zo da ciwon ƙirji abin da ya sha, ko ɗan wane ne. Kwalejin Ilimi ta Gumel ta koya wa malaman gobe alamominta. Gemun Agadas da na Legas sun riga sun kama wuta, lokacin shafa wa na Lautai ruwa kuwa yanzu ne.