Asarar da Mai Injin Niƙa Ba Ya Lissafawa

Da zarar kaka ta yi, injunan casa da na niƙa ba sa hutawa a Zakirai da ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Gabasawa. Da yawansu bel ɗinsu a buɗe yake, ga yaran aiki suna tura hatsi da hannu. Ran da bel ya fizgi hannun yaro, mai injin yakan ce ƙaddara ce, ya biya kuɗin magani, ya ɗauka iyakar asararsa ke nan. A ganina, ɗan yanki kaɗai ya lissafa.

Mu bi lissafin tare. Akwai kuɗin motar kai yaron Kano, wataƙila har Asibitin Ƙashi na Dala, da ɗawainiyar masu jinya. Injin zai tsaya kwanaki, daidai lokacin da cinikin shekara ke shigowa. Matan da suka saba aiko da niƙa za su koma wa wani, kuma ba lallai su dawo ba. Sabon yaro sai ya yi ɓarna kafin hannunsa ya faɗa. Idan iyaye suka kai ƙara, ga diyya, ga zirga-zirgar kotu.

Tun a 1931 wani jami'in inshora a Amurka, Herbert Heinrich, ya ƙiyasta cewa ɓoyayyiyar asarar haɗari ta ninka ta fili sau huɗu. Masana suna jayayya a kan adadin, amma tushen maganar yana nan daram.

Ita ma doka ta yi tanadi. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa ubangida ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, ita kuma ta ɗauki nauyin magani da diyya. Ma'aikaci a wannan doka ya haɗa da ɗan koyo da na wucin gadi, ko da yarjejeniyarsu ta baka ce.

Shawarata ga masu injuna ba ta da tsada: a sa mai walda ya yi wa bel murfin ƙarfe, a hana aiki da riga mai faɗin hannu, a kashe injin kafin a ciro abin da ya maƙale. Yarda da ƙaddara ba ta hana ɗaukar mataki. Kuɗin murfi sau ɗaya ake biyansa. Yaron da ya rasa hannu kuwa, shi da iyalinsa za su yi ta biya har ƙarshen rayuwarsa.