Ra'ayinmu: Jami'ar Jos Ta Zaɓi Gonar da Za Ta Iya Nomewa

A shekarar 2025 ne Jami'ar Jos ta cika shekara 50 da zama cikakkiyar jami'a mai cin gashin kanta. Manyanmu za su tuna cewa ta fara ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, kafin gwamnatin tarayya ta ɗaga ta a 1975, a daidai lokacin da ake kafa sababbin jami'o'i a Maiduguri da Sakkwato da Kano da sauran wurare. Kafin wannan shekara jami'o'i shida ne kacal a duk faɗin Nijeriya, kuma ɗaya ce tak a Arewa, wato Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Tun daga lokacin zuwa yau, da wuya a shiga wani gari a Filato ko kudancin Kaduna ko Bauci ko Gombe ko Nasarawa ko Adamawa a rasa malami ko likita ko lauya ko ma'aikacin gwamnati da ya sha ruwan wannan makaranta. Saboda haka, 'yan'uwa masu karatu, maganar inda za ta dosa nan gaba magana ce ta gidajenmu, kuma muna da bakin faɗa a ciki.

Abin da muke so mu jawo hankali a kai shi ne shirin dogon zango, wato takardar da jami'a kan tsara domin ta nuna abin da take niyyar cimma cikin shekara biyar ko goma, da hanyar da za ta bi, da abin da zai ci. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. To, tafiyar da ke gaban jami'o'in ƙasar nan ta sha bamban da wadda aka saba, kuma yana da kyau mu fara duba abin da ya sauya.

Da farko dai, kasuwar ta cika. Dokar soja ta 1993 ta buɗe ƙofa ga jami'o'i masu zaman kansu, aka kuma ba ukun farko lasisi a 1999. A yau jami'o'in da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da su sun haura 250, kuma fiye da rabinsu ba na gwamnati ba ne. Ko a nan kusa, akwai Jami'ar Jihar Filato a Bokkos, akwai Jami'ar Bingham ta ECWA a Karu wadda ta sami lasisi a 2005, akwai Jami'ar Karl Kumm ta COCIN a Vom wadda ta sami nata a 2021. Ga kuma Jami'ar Karatu Daga Gida, NOUN, da aka farfaɗo da ita a 2002, inda mutum kan yi digiri yana kan aikinsa. Yawan ya kai har a Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara bakwai, bisa hujjar cewa ta kasa ɗaukar nauyin waɗanda ke ƙasa yadda ya kamata. Ɗalibai kam ba su yi ƙaranci ba, domin wajen miliyan biyu ne suka rubuta jarrabawar JAMB a 2025. Amma ƙwararrun malamai ba su ƙaru daidai da makarantu ba, kuma kowace sabuwar jami'a daga tsofaffin take zawarcin malamanta, ban da waɗanda ke tattara kayansu su tafi ƙasashen waje.

Na biyu, hanyar kuɗi ta sauya. Yawancin sababbin gine-ginen da ake gani a jami'o'in gwamnati sun fito ne daga asusun TETFund, wanda asalinsa yarjejeniyar 1992 ce tsakanin gwamnati da ƙungiyar malamai ta ASUU, da dokar harajin ilmi ta 1993 da ta ɗora kashi 2 cikin ɗari a kan ribar kamfanoni. An kai harajin kashi 3 a 2023, sannan dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da wasu harajin cikin kaso ɗaya da za a riƙa rabawa tsakanin TETFund da wasu hukumomi. A ɗaya gefen, bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023, jami'o'in tarayya da dama sun ninka kuɗin rajista, kuma a 2024 asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki. Ma'anar wannan ita ce yaro zai fita makaranta da bashi a wuyansa, don haka yana da haƙƙin tambayar ko digirin da aka ba shi zai iya biyan bashin. Sai kuma wutar lantarki: a Afrilun 2024 an ɗaga farashinta ga masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane ma'auni, abin da ya sa jami'o'i da asibitocin koyarwa da yawa suka yi ta kuka.

Na uku, iyaye sun daina yarda da kalandar karatu. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, ya kuma haɗu da rufe makarantu saboda annobar korona. Na 2022 ya fara ran 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Jos kuma tana da nata ƙarin nauyin, domin rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun taɓa garin ƙwarai, kuma a Agustan 2021 sai da aka dakatar da karatu, gwamnatocin jihohi suka aiko da motoci suka kwashe 'ya'yansu. Uban da ya sayar da amfanin gona domin kwas na shekara huɗu, ya ga an shiga ta shida ba a gama ba, idan ya sami hali gaba zai kai ƙanen yaron wani wuri.

Na huɗu, manhajar karatu ta sauya. A ƙarshen 2022 hukumar NUC ta ƙaddamar da sabon tsarin da ake kira CCMAS, wanda a cikinsa hukumar ke tsara kashi 70 na darussan kowane digiri, ta bar wa jami'a kashi 30. ASUU ta yi suka cewa wannan shiga hurumin majalisar malaman jami'a ne, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka tsarin ya fara aiki, kuma wannan kashi 30 shi ne filin da kowace jami'a za ta nuna abin da ta fi wasu iyawa.

To, a irin wannan yanayi, wane irin shiri ne zai yi amfani? Mun sha ganin yadda hukumomi a ƙasar nan kan yi. A kafa kwamiti, a tafi otal a yi taron kwana uku, a buga littafi mai sheƙi wanda ya yi alkawarin zama na ɗaya a Afirka a kowane fanni, a yi bikin ƙaddamarwa, daga nan sai ƙura ta rufe shi a kan kanta. Mu dai a namu ra'ayin, shiri na gaskiya zaɓi ne. Manomin da ke da taki buhu biyu ba ya watsa shi a gona goma; yakan zaɓi wadda zai iya nomewa, ya haƙura da sauran zuwa baɗi. Shirin da bai faɗi abin da jami'a za ta haƙura da shi ba, jerin buri ne kawai.

Alhamdu lillahi, Jami'ar Jos ba ta rasa abin zaɓa ba, domin Allah ya ajiye ta a wurin da ba shi da na biyu a ƙasar nan. Tudun Filato ya shekara fiye da ɗari ana haƙar kuza, kuma ramukan da kamfanoni suka bari suna nan cike da ruwa daga Bukuru har Barkin Ladi, suna cin rayuka, ƙasar noma kuma ta lalace. Nazarin ma'adinai da gyaran irin wannan ƙasa aiki ne da ya kamata duk Afirka ta Yamma ta zo Jos ta koya. Yawancin dankalin Turawan da ake ci a Nijeriya daga Bokkos da Mangu da maƙwabtansu yake fitowa, amma manoma na fama da cutar ganye da ƙarancin iri mai kyau da rashin wurin ajiya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ta fara tun 1924, tana kusa da jami'ar. Cibiyar nazarin manufofin ƙasa ta Kuru, da makarantar koyon shirya fim ta ƙasa, duk suna nan. A cikin jami'ar kanta akwai cibiyar binciken magungunan itatuwa da Bankin Duniya ya tallafa wa, da cibiyar nazarin sasanta rikici da zaman lafiya, da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Laminga wadda ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka kan zo. Idan aka ɗauki fannoni huɗu ko biyar daga cikin waɗannan, aka karkata kuɗin bincike da guraben ƙaro ilmin malamai da wancan kashi 30 na manhaja zuwa gare su har shekara goma, sunan Jos zai tsaya a kan wani abu da kowa ya sani.

Mun san wannan magana ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Za a ce jami'ar tarayya ta kowa ce, kuma bai kamata a fifita wata tsangaya a kan wata ba. Gaskiya ne cewa dole a ci gaba da koyar da likitanci da shari'a da aikin malanta da harsuna, kuma dole kowane kwas ya cika sharuɗɗan NUC. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Buɗe sabon sashe duk shekara alhali tsofaffin ba su da kayan gwaje-gwaje, da ɗibar ɗalibai fiye da kujerun aji domin a sami kuɗin rajista, shi ma zaɓi ne, sai dai ba a faɗa wa kowa an yi shi ba, kuma 'ya'yan talakawa ne ke biyan farashinsa. Gara a fito fili a ce kwas kaza za a haɗe shi da kaza, kwas kaza kuma ba za a ɗauki fiye da mutum kaza ba har sai an sami malamai.

Akwai kuma abubuwan da dole su zo kafin kowane sabon gini. Ɗaya shi ne wuta. A 2019 Jami'ar Bayero ta Kano ta sami tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya, wanda ya nuna abin mai yiwuwa ne, muddin an tanadi kuɗin gyara da na sauya batura tun daga farko. Na biyu shi ne ɗakunan kwana a cikin makaranta, domin ɗalibin da ke haya a unguwa, yana zirga-zirga tsakanin harabar titin Bauci da ta Naraguta, shi ne ya fi shiga haɗari duk ranar da gari ya rikice. Na uku shi ne ajiyar littattafai da takardun sakamako a kwamfuta, a wuri fiye da ɗaya. Gobarar da ta cinye ɗakin karatu na Naraguta a Oktoban 2016 ta isa darasi. Na huɗu shi ne tanadin koyarwa ta intanet da aka gwada tun ana zaman lafiya, yadda ko an rufe ƙofa karatu ba zai tsaya cik ba.

Game da yadda za a rubuta shirin, muna ba da shawarar kowane alkawari ya zo da abu uku a gefensa: nawa zai ci da inda kuɗin zai fito, ranar da za a gama, da ofishin da za a tuhuma idan ba a gama ba. A riƙa buga rahoton ci gaba duk shekara, a taƙaita shi da Hausa da sauran harsunan yankin a gidajen rediyo. Kuma tun da shugaban jami'ar tarayya wa'adi ɗaya yake yi na shekara biyar, wajibi ne majalisar gudanarwa da majalisar malamai su riƙe shirin a matsayin nasu, a kuma tambayi duk mai neman kujerar yadda zai ci gaba da shi. In ba haka ba, kowane sabon shugaba zai bar ginin na baya a tsaye ba rufi, ya haƙa nasa harsashin. A kuma saurari ƙananan ma'aikata da ɗalibai da masu ɗaukar aiki da al'ummomin da suka ba da filin da jami'ar ke kai.

Gwamnati ma tana da nata. Ba a yi wa jami'a adalci ba idan an ce ta tsara shekara goma alhali ba ta san abin da za a sakar mata a wata uku masu zuwa ba. A cika yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu da malamai, a saki kuɗin kasafi a kan lokaci, a kuma bar majalisun gudanarwa su yi wa'adinsu.

Mu kuma, 'yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsofaffin ɗaliban da ke cikinmu su shiga ƙungiyarsu, su ba da gudummawa ga aiki takamaimai, su kuma nemi a nuna musu lissafi. Iyaye su daina tilasta wa yara kwas saboda suna kawai, su tambayi ko hukumar NUC ta tantance shi, da irin aikin da ake samu da shi. Ikilisiyoyin da suka kafa nasu jami'o'in su ma wannan ma'auni ya hau kansu, har ma fiye, domin da baikon talakawa aka gina su: su zaɓi fannoni kaɗan da za su iya riƙewa da kyau, su nemi haɗin gwiwa da Jami'ar Jos wajen ɗakunan gwaji da horar da malamai, su kuma bayyana wa membobi yadda ɗan mai ƙaramin ƙarfi zai sami shiga.

Waɗanda suka kafa wannan jami'a a 1975 sun yi nasu, mun kuwa ci moriyarsa. Muna kira ga shugabanninta na yau da su zauna su yi zaɓin nan tun da sauran lokaci, su faɗa wa jama'a abin da suka zaɓa da abin da suka bari, mu kuma mu riƙa bibiya duk shekara. Allah ya ba su hikima da riƙon amana, ya kuma ba Filato da Nijeriya zaman lafiya. Amin.