Ƙarfi Ba Ya Ajiyuwa a Rumbu

Ya kai mai gida, kada ka ce noman shinkafa a fadamar Haɗejiya ya ishe ka. In ka gama girbi ka zauna gindin bishiya wata 3, ƙarfin nan zubewa yake yi, ranar su sai baya ya riƙe.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa jiki aƙalla kwana 2 a mako. Amma kowa da gwargwadonsa. Saurayi ɗan kokawa ya ɗaga buhu, uwargida ta fara da rabin tulu, tsoho ya tashi daga kujera ya zauna sau 10. In za ka ɗaga kaya, tsuguna, kada ka sunkuya. Mai hawan jini lalle ya fara tambayar malamin asibiti. Sannu ba ta hana zuwa.