Nasarar yau ko ɗan wasan gobe: Tambayar da ke gaban magoya bayan Kano Pillars

A gidajen kallon ƙwallo na Gyadi-Gyadi da Tarauni, da wuya a sami mai goyon bayan da zai yi addu'ar ƙungiyarsa ta sha kashi. Amma a Amurka, duk ƙarshen kaka ana samun irinsa, kuma yana da hujja.

A gasar NFL, ta ƙwallon Amurka da ake runguma da hannu, ƙungiyoyi 32 ne kuma babu mai faɗuwa zuwa ƙaramar gasa. Kowace shekara ana jera matasan 'yan wasan jami'o'i, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ce ke fara zaɓa. Saboda haka idan kofi ya kuɓuce, kowace nasara tana iya nisanta ƙungiya da gwanin da zai ɗaga ta gobe.

A watan Janairun 2023, Houston Texans ta doke Indianapolis Colts da ci 32 da 31 a wasanta na ƙarshe. Nasarar ta sa zaɓin farko ya koma hannun Chicago Bears, aka kuma sallami kocin Texans ba tare da ɓata lokaci ba. Sai dai da zaɓi na biyu ta ɗauki C.J. Stroud, wanda ya kai ta wasannin fitar da gwani a shekararsa ta farko. A ƙwallon kwando ma, zargin cewa Houston Rockets ta yi sakaci da gangan kafin ta ɗauki ɗan Najeriya Hakeem Olajuwon a 1984 na cikin abin da ya sa NBA ta koma jefa ƙuri'a a 1985. Ke nan ko a inda ake saka wa faɗuwa da lada, ladan ba shi da tabbas, kuma yana zubar da mutuncin gasa.

A Najeriya lissafin daban ne. Gasar NPFL tana da ƙungiyoyi 20, huɗu na ƙasa suna faɗawa gasar NNL, babu kuma wanda ke ba su ɗan wasa don share hawaye. Kano Pillars ta ɗanɗana wannan a 2022. Ƙungiyar da ta lashe gasar a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kuma fitar da Al Ahly ta Masar a kan hanyarta ta zuwa wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2009, ta faɗi tare da Katsina United da Heartland da MFM. Sai a 2023 ta dawo. Don haka ga ɗan Sai Masu Gida amsar a fili take: makin ƙarshen kaka rai ne.

Amma akwai inda son nasarar ke zama guba. A watan Afrilun 2022 an farfasa motar Katsina United bayan wasa a filin Sani Abacha, abin da ya jawo wa Pillars tara da komawa Abuja da wasanninta na gida. A kakar aka zaftare mata maki. Waɗanda suka ɗauka suna kare ƙungiyar sun taimaka wajen tura ta rami. A 2013 kuma, neman hawa gasa ta kowane hali ya haifar da sakamakon 79 da nema da 67 da nema a ƙananan gasannin ƙasar, abin kunyar da ya zagaya duniya. Mai faɗuwa da gangan a Amurka da mai cin wasa da ƙarfin tsiya a nan, laifinsu ɗaya: sun raba sakamako da abin da ya faru a fili.

Rabin tambayar Amurkawa da ya shafi Kano shi ne na gobe. A nan babu jerin zaɓe, sai filayen makarantu da na unguwa inda yaran Tarauni ke murza leda da yamma, kuma wanda ya riga zuwa shi ke ɗauka. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a rigar Pillars a kakar 2009/2010, ya wuce VVV-Venlo ta Holan, daga baya CSKA Moscow da Leicester City. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ba ta yi wa yaro rajista da wuri ba, ta yi asarar wani ɓangare na wannan rabo. Yanzu kuma Pillars ba ita kaɗai ce a gida ba, tunda Barau FC ta hau NPFL a 2025.

Pillars mallakar gwamnatin jihar Kano ce, da kuɗin jama'a take tafiya. Wannan ya ba mai goyon baya haƙƙin da ya wuce tafi da kaɗa kalangu. Ya so ta ci kowane wasa, ya kuma tambaya: nawa aka ware wa ƙaramar ƙungiya a kasafin bana? Yara nawa daga cikinta suka buga wa babbar? Nawa ya shigo daga cinikin 'yan wasa, kuma a wane asusu? Majalisar dokokin jiha ce ke amincewa da kasafin, kuma Tarauni tana da wakili a cikinta.